Ciyawa a Layin Jirgin Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Ya iyali, ya ƙafar taka?

Ƙaramin jirgin ƙasan da marigayi Baba ya yi wa layi bisa katako, na ce bari in ƙarasa mishi. Na barbaɗa ƙasar bakin gulbi, na kafa busassun tsirrai a matsayin itatuwa. Ashe Inna, mai cewa wasan yara ne, kullum da safe tana yayyafa ruwa. Ciyawa ta tsiro har ta rufe layin. Na ɗauko almakashi, ta riƙe hannuna ta ce, "Bar mishi. Bai samu ya gan shi kore ba."

Ka yi haƙuri, jirgin da na ce zan aiko maka ba zai zo ba, zai zauna wurin Inna. Ka sa su duka biyu a addu'a, Baba da Inna. Ka gaida Hajara da yara.

Ƙanwarka Asabe, Yelwa