Kajin Ngunan da Rabin Lambuna

Gboko, 9 ga Satumba

Zuwa ga ƙanena Terkula,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kai da iyali kuna lafiya, kuma ruwan Fatakwal bai hana ka fita aiki ba. Allah ya ƙara lafiya, ya raya yara. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba Ugese ta yi sauƙi har ya koma zuwa coci, 'yata Dooshima kuma ta gama jarrabawa.

Bayan haka, gyara zama, don maganar babba ce. A matsayina na babba a gida, ina sanar da kai cewa tun watan Afrilu lambun bayan gidanmu ya rabu ƙasa biyu, kowace da shugabanta, har da waya a kan iyaka.

Ka san tun da na ajiye alli na rasa wanda zan gyara wa kuskure, sai na koma kan kajin matata Ngunan. Na karanta littattafan noma har uku, na tabbatar kaza da lambu ba sa zama gida ɗaya. Ranar da suka tone mini irin tumatir na yanke hukunci: kowa ya ɗauki rabin lambu, in nawa ya fi kyau zuwa ƙarshen Agusta, kaji su bar gidan, na tukunya tukunya, na kasuwa kasuwa. Sai ta tuna mini cewa dukansu jikokin kazar nan ce da marigayiya mahaifiyarta ta riƙo mata ranar da aka kawo ta gidan nan, kuma shekara ashirin da shida irin bai yanke ba. Na ce kimiyya ba ta san dangantaka ba. Ta ce, "To, Malam, ka ci gaba da karatu, ni zan ci gaba da miya."

Terkula, da ka ga yadda matar nan take aiki. Ta saƙa wani babban akurki na gora marar gindi. Kafin ta shuka komai, sai ta kife shi a kan kunya da kaji biyar a ciki, su tone ƙasar, su cinye gara da gwazarma da gyare, su bar mata taki. Bayan kwana biyu ta ja shi gaba. Da ta shuka, ta kulle su sarai, sai da kuɓewa ta kai gwiwa ta fara sako su, shi ma da la'asar kaɗai, ɗan lokaci, tana tsaye da tsumagiya. Suna bin gindin shuka suna tsince tsutsa kamar ma'aikatan da aka yi wa alkawarin ƙarin girma. Sharar alayyafo da rama ta koma cikinsu, su kuma su biya da ƙwai.

Ni kuwa a ƙasata babu kaza ko ɗaya, don haka gyare ya samu 'yancin kai. Duk safiya in tarar an datse mini tumatir daga tushe. Da abin ya ishe ni, na faki idonta na ɗebo ɗanyen kashin kaji na zuba wa waɗanda suka rage. Kwana uku suka ƙone ƙurmus. Ashe ita tara shi take yi da busasshiyar ciyawa, ya yi wata biyu yana hucewa. Da ta gani, sai ta tambaye ni ko littafi na huɗu yana hanya.

Ana haka Gwaggo Mbateren, ƙanwar babanmu, ta zo daga Vandeikya. Babbar baƙuwa irin wannan dole a kamo kaza a nuna mata da ranta kafin a yanka, ni kuma ba ni da ko gashin kaza. Na lallaɓa kicin ina ƙasa da murya. Ngunan ta ce, "Wace kaza? Abokan gaba? Ka yanka mata littafi mana." Ta bar ni tsaye har na fara gumi, sannan ta miƙo mini zakaran da ya fi kowanne ƙiba. Aka ci sakwara da miyar kuɓewarta.

Bayan an ci, muka roƙi Gwaggo ta yi alƙalanci. Ta zaga ɓangaren Ngunan tana shafa yalo da tattasai tana sa albarka. Da ta iso nawa ta tsaya, ta daɗe tana kallon ƙasa, ta cire ɗankwali ta sake ɗaurawa, ta ce, "Iorliam ɗana, wa aka binne a nan ba a gaya mini ba?"

Washegari na kwance wayar da hannuna. Kafin in gama naɗe ta, Ngunan ta jawo akurkinta ta kife a kan kunyata ta farko, ta ce ƙasar ba ta da laifi, nan da mako biyu mu sa alayyafo tare. Ko dariya ba ta yi mini ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

Ka gaishe mini da matarka Sewuese da kyau, da Aondona da ƙaramarku Mimidoo. Baba Ugese da Gwaggo suna gaishe ku. In ka kira Ngunan, kada ka yi mata wannan zancen, ta riga ta sani. Kai nake gaya wa a rubuce: ita ce da gaskiya, ni na yi kuskure.

Naka yaya,
Iorliam