Zare Biyu a Cocin Kan Tudu

Donje Selo,
14 ga Oktoba, 1974.

Zuwa ga ƙanena Kuzma,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Ina roƙon Ubangiji wannan takarda ta same ka da sauƙi, Uwargida Maryamu kuma ta tsaya maka ranar da likitocin nan za su yi maka aiki. Mu nan lafiya lau muke, in ka cire gwiwoyina. An gama tsinkar inabi, bana ya yi zaƙi amma bai yi auki ba. Jikata Tonka ta haihu, mace, an mayar mata da sunan Inna. Jakin maƙwabcinmu Vicko ya mutu, ya yi ta rusa kuka a bakin hanya, alhali ranar da muka binne matarsa ko majina bai ja ba.

Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku. Ka ce ashirin ga Nuwamba za a shiga da kai tiyata, kuma ba ka son ka shiga bakancen Inna bai cika ba. Tun kana ɗan shekara sha tara ka tafi Chile, na kuma ga alamar ka fara rikita abin, to bari in tuna maka. In jariri ya kwanta rai a hannun Allah, uwar takan auna shi da zaren ulu daga tsakar kai zuwa diddige, ta kai coci a rataye, a ɗaura ɗan guntun dalma mai sunansa a ƙasa. In ya rayu ya girma, shi zai je ya kwance zaren, ya yi lagwani da shi a fitilar man zaitun, ya ƙone. In ya yi nisa, ɗan'uwa na iya ƙona masa, amma sai ya ambaci sunansa da ƙarfi. Shekara arba'in da uku kana ce mini baɗi za ka zo ka yi da kanka. Ga shi ni ce dai na tafi neman zaren.

Matsalar ita ce Inna ba ta taɓa faɗin cocin da ta kai naku ba, kai da abokin tagwaicinka Damjan. Duk lokacin da aka taɓo maganar zazzaɓin da ya kwantar da ku kuna wata takwas, ya tafi da shi ya bar ka, sai ta tashi ta shiga madafa. Saboda haka na ɗauki Mande ta gidan Kawu muka bi tsofaffin coci ɗaya bayan ɗaya. Mun fara da na Waliyyi Roko a bakin tashar jirgi, wanda aka sassaƙa zakin mutanen Venis bisa ƙofarsa, gishirin teku ya cinye masa fuska har ya koma kamar tunkiya. Sabon Fadan da aka turo daga Split ya ce bai san zancen wani zare ba, wannan harkar tsofaffin mata ce. Mande ta tambaye shi ko a ina yake tsammanin ya fito in ba daga cikin tsohuwar mace ba. Washegari muka shiga kwale-kwale zuwa na Waliyyi Nikola a ƙarshen tsibiri. Rufin yana yoyo, allunan azurfan da matuƙan jirgi suka rataye duk sun yi baƙi, tattabaru sun yi sheƙa bayan bagade, teburin hadaya. Mun sami zare bai fi goma ba, babu naku.

Saura na kan tudu, wanda aka gina bayan annoba tun zamanin mulkin Venis, kuma rabonsa da a yi addu'a a ciki shekara talatin. Mabuɗin yana hannun Gwaggo Perina. Eh, tana raye, shekararta casa'in da ɗaya, idanun sun tafi amma bakin yana nan. Ta ce ba ta ba kowa mabuɗi, sai dai mu ɗora ta a jaki mu hau tare. Duk hanya ita da Mande suna ta caccakar juna, tana cewa tun Mande na yarinya ƙafarta ta fi ta jaki nauyi, Mande na cewa mutuwa ce ta manta da ita don ba ta da inda za ta ajiye surutunta. Da muka iso bakin ƙofa, rana tsaka, sai Gwaggo ta miƙo mabuɗin.

Kuzma, ban taɓa shiga wuri mai sanyi irin wannan ba. Bangon hagu tun daga ƙofa har bagade zare ne, ɗaruruwa, a jere kan ƙusoshi. Kusan dukkansu gajeru ne, kamu ɗaya da ɗan ɗori, tsawon jariri. Na waɗanda suka rayu an ƙone su tuntuni, waɗannan na waɗanda ba su tashi ba ne. Ƙofa a rufe take a bayanmu, babu taga a buɗe, amma dalmomin suna ɗan taɓa bango, ƙas, ƙas, nan da can. Mande ta ce ɓeraye ne, ta kuma riƙe mini gefen riga ba ta sake ba. Gwaggo Perina ta bi bangon da tafin hannu tana kiran sunayen gidaje, har ta tsaya kusa da kusurwa ta ce ga na Innarku nan, ƙusa ɗaya zare biyu.

Ɗaya gajere ne kamar sauran. Ɗayan kuwa ya sauko, ya wuce kafaɗata, ya wuce gwiwata, dalmarsa tana gab da taɓa ƙasa. Na ce ai wannan ba na jariri ba ne. Ta ce haka na masu rai yake yi in mai shi ya daɗe bai zo ba, yana bin sa yana tsawo. Mande ta ce kai Gwaggo, nauyin dalma ne da laima suke jan ulu, kowace mai saƙa ta san wannan. Tsohuwa ta ce to ita dalmar ɗayan hutu ta tafi? Na ji daɗi a raina, na ce ga naka nan ya nuna kansa. Na durƙusa na goge dalmar dogon da yawu, na kai ta inda haske yake don in karanta. Damjan aka rubuta. Na ɗaga ta gajeren, sunanka ne a jiki, Kuzma.

Na ce Fadan wancan lokaci ne ya ɗaura su a juye. Gwaggo Perina ta ce tana nan tsaye ranar, Inna ta hau tudun nan ba takalmi, zare ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu, ko gumi ba ta yarda ta share ba don kada su haɗu. Sai ta juyo da fuskarta wajena, da idanun nan da ba sa gani, ta ce, “Ke aka bari da su a gida, Jerka. Wa ya gaya wa uwarki wanda ya mutu?”

Ni ce na gaya mata, kuma shekara sittin da biyu ban faɗa wa kowa yadda aka yi ba. Ka san ba a iya rarrabe ku sai da jan zaren da ke wuyan hannun Damjan. Ranar hannunsa ya kumbura, Inna ta yanke zaren, ta kwantar da ku, kai a dama shi a hagu, ta ce kada in taɓa ku har ta dawo daga coci. Shekarata bakwai. Kuka kuke yi ku biyun, na ɗauki wannan na jijjiga, na ajiye na ɗauki wancan, na zagaya ɗaki da shi, ban san sau nawa ba. Daga baya ɗaya ya yi shiru, na ɗauka barci ne. Da Inna ta dawo ta taɓa shi, ta tambaye ni ko na motsa ku. Tsoro ya kama ni, na ce a'a. Ta ga gawar a gefen hagu take, ta ce Damjan, aka yi masa wanka aka binne da wannan suna. Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma ban san ko na yi maka laifi ko ban yi ba.

Na ce duk da haka a ba ni gajeren in ƙona, tunda sunanka ne a jiki kuma abin da ka aike ni ke nan. Gwaggo ta dafe shi da hannu ta ce ba a ƙona na matattu, kuma muddin tana numfashi ba za a fara a kanta ba. Na ce to dogon. Ta tambaye ni da wane suna zan kira in na kunna. Ita da kanta ta kwance dogon, ta naɗe a yatsunta, ta sa mini a tafin hannu ta ce in aika wa mai shi. Da muka sauko na biya ta maƙabarta na tsaya gaban ɗan kabarin nan. Kullum nakan ce sannu Damjan, ranar ban san sunan da zan kira ba.

To ga zaren a cikin ambulan, da dalmarsa, ban rage ko ƙwayar gashi ba. Ka cire takalmi ka tsaya jikin bango, ka sa matarka Ines ta auna ka da shi daga tsakar kai zuwa diddige. In bai yi daidai ba, ka yi wa yayarka dariya ka ce tsufa ya kama ta, zan fi kowa murna. In ya yi daidai, kada ka jira amsata, takarda sati uku take yi a hanya. Ka kai shi kowane coci da ke kusa da kai a Punta Arenas kafin ashirin ga wata, ka kunna da hannunka, ka faɗi sunan da ke kan dalmar. Bayan haka ka rubuto ka gaya mini ko ka yafe.

Ka gaishe mini da Ines, da Mateo da matarsa, da ƙaramar Lucia mai kama da Inna a hoto. Mande tana gaishe ka, ta ce ko waye kai dai ɗan Gwaggonta ne. Tonka da Vicko suna yi maka addu'a. Ni kuma tun daga wannan rana, in na durƙusa, sunaye biyu nake kira, in bar wa Ubangiji ya kai kowanne inda mai shi yake.

Yayarka,
Jerka