Bakin Na'ura a Jikin Yumɓu

Jiratawa, ranar Talata

Alkasim ɗana,

Ina gaishe ka, da fatan Kano lafiya, kasuwar atamfa da albarka. Zalihatu ɗiyar ƙanwata ke rubutawa, ni ina faɗi, don ka san kunnena ba ya jin waya.

Ba lafiya ta sa na aiko ba. Tsohuwar rijiya ta ja baya tun da damina ta yi gardama, wata biyu ke nan muna shan sabon fanfon da aka haƙa mai zurfi. To ɗiyarka Tsahara ta fara kukan ƙafa. Kai kana ƙarami lokacin da ruwan ƙasa ya lanƙwashe ƙafafun yaran Tsibiri, ni da idona na gan su ranar kasuwa ina sai da tukwane, haƙora jajaye, tafiya kamar agwagwa. Tun da Tsahara ta ce "Kaka, ƙafata", tuwo bai wuce mini ba.

Na kai ruwan Maraɗi cikin kwalba, gidan awon ruwa inda Zalihatu ke aiki. Na'urar awon lafiya lau take, amma ba ta faɗin abin da ta gani sai ta gaya ma ordinatar, abin da ku can kuke ce ma kwamfuta. Tsohon ordinatar ya mutu, sabon kuma bakinsa daban, ba su jin juna. Wai sai an samo wata 'yar igiya mai kai biyu, adaftatar, ta zama tafinta tsakaninsu. Sun rubuta Yamai, amma tun da soja suka karɓi mulki an canza manyansu, takarda ta kwanta.

Zalihatu ta rubuta maka sunan abin da Faransanci. Ni ban yarda da takarda ba. Na ɗebi yumɓuna na danna a bakin na'urar, Zalihatu na ta ihu, na ce yi shiru, ai zan goge. Ga shi nan a gwangwani, na busar. Ka nemo daidai da shi, ka ba direba Ilyasu.

Allah shi yi maka albarka.
Innarka Fasuma

Kano, ranar Asabar

Zuwa ga mahaifiyata,

Bayan gaisuwa da neman gafara. Inna, wasiƙarku ta tayar mini da hankali. Na rufe shago na zaga masu kayan lantarki. Sunan Faransancin ba wanda ya gane shi, yumɓunku ne ya yi aiki. Mai shagon ya ga ramuka tara, ya ɗauko mai haƙora tara, ya sa ya shige daram kamar don shi aka yi. Har mutane suka taru suna cewa tsohuwar nan ta fi injiniya. Ga shi na ba Ilyasu. Don Allah kafin a auna, a daina ba Tsahara ruwan nan.

Ɗanku mai biyayya,
Alkasim

Jiratawa, ranar Laraba

Alkasim,

Ina gaisuwa, amma a taƙaice, raina a ɓace yake.

Kai ɗan maginiyar tukunya ne kuwa? Shekara nawa kana zaune kana kallona ina kifa yumɓu bisa uwar tukunya? Abin da ya fito waje a jikinta, ciki yake komawa a jikin yumɓu. Ramukan da ka gani, haƙoran na'urar ne suka yi su! Ita ma haƙora tara gare ta. Ka aiko mai haƙora, an kawo su baki da baki kamar raguna biyu, wa zai shiga wa? Zalihatu ta zauna ta dafe kai. Ni kuwa na biya mota har Maraɗi da sabon zane, wai zan ji labari.

Ba wanda ke shiga yumɓun za ka saye ba. Mai kama da yumɓun, mai ramuka.

Ka ce a daina ba ta ruwan. In ba ta wane? Rijiya sai ka jefa guga sau uku ka samu rabin ƙwarya, shi ma ja wur. Shekarar yunwa, zamanin sojan farko, irin wannan jan ruwan na ba yayanka Hamidu ya sha, kwana huɗu ya yi ya rasu. Ban taɓa faɗa maka ba. Yanzu ga ja ga fari, ban san wanda zan miƙa ma yarinya ba. Jiya na ba ta na rijiya na tace da ɗankwali.

Ka hanzarta. Allah shi kiyaye hanya.
Inna

Kano, ranar Juma'a

Inna, ku gafarce ni, kaina ne bai kawo ba. Ga mai ramuka, na ajiye shi gefen yumɓun na duba sau uku, kamar tagwaye. Akwai faifan da mai shagon ya ce a fara sa wa ordinatar, in ba haka ba ba zai gane baƙon ba. Ina jiran amsa, ko ciniki ba na iyawa.

Alkasim

Jiratawa, ranar Litinin

Alkasim ɗana,

Ya shiga. Na tsaya bayan Zalihatu har lambobi suka fara gangarowa a gilashin ordinatar. Ta daɗe ba ta juyo ba, na gane.

Abin Tsibiri ne, yana cikin ruwan. An sa ma fanfon kwaɗo. Likita ya murza ƙafafun Tsahara, ya ce wata biyu bai isa ya taɓa ƙashi ba, da shekara aka yi da wani zancen ake.

Randar da ke ɗaki na tuntsurar da ita, ƙasa ta shanye. Ka aiko jarka huɗu, daga Maraɗi Ilyasu zai riƙa ɗauko mana har ruwan sama ya sauka. Yumɓun kuma ka maido mini abina.

Allah shi yi albarka.
Innarka