Kai Arewa, Ni Gabas

Gure, ranar Alhamis da hantsi

Zuwa ga Aisami, sanyin idona, inuwar dabinon da nake fakewa idan rana ta take, ruwan kwarin da rani bai taɓa ƙafar da shi ba!

Aisami, Aisami, Aisami! Bar ni in kira sunan nan in ƙoshi, don kwanakin da suka rage mini na faɗinsa da bakina sun zama ƙidayayyu. Ka gane inda na dosa? In ba ka gane ba, to me ake koya muku a jami'ar? Ture littattafan nan gefe, abin ƙaunata, ka ba ni kunnenka. Mako uku ke nan ina ɓoye maka wata magana don kada in dagula maka tunani kana tsakiyar rubuta kundin kammala karatu. Jiya ta warware, kuma wallahi ƙirjina ya yi mini kaɗan.

Ka tuna yammacin da muka hau tudun rairayin nan na hanyar Kelle, yayata Salima na biye da mu tana yi kamar ba ta jin abin da muke faɗi? Ka tsuguna ka zana Afirka da yatsa. Ka dangwala nan ka ce Gure, ka dangwala can ƙasa ka ce Tanzaniya, inda wata ƙaramar jami'a ta Kiristoci 'yan Lutaran ta ba ka gurbin karatun kula da ƙasa da ruwa, shekara biyu. Ni da nake koyar da labarin ƙasa a lakwal, makarantar bokon garinmu, na ga Afirkar taka ta fi kama da cinyar rago. Ban gyara maka ba. Ina zan samu bakin gyara, alhali tsakanin ɗigon nan biyu nake kallo, hawaye na neman tona mini asiri a gaban Salima?

Tun daga ranar, rabina yana can tare da kai. Na san ƙararrawar da ake kaɗawa da ƙarfe goma, 'yan'uwanka ɗalibai su nufi coci, kai ka lallaɓa ɗakin karatu ka kame kujerar bakin taga ba mai tsere da kai. Na san ba ku kai dubu ba, har kowa ya san tarin kowa. Na san tsohuwar malamar nan da ta haddace sunayenku duka, mai kiranku gidanta shan shayi ranar Asabar, wadda ta maido maka babi na biyu har sau uku da jan biro kamar an yanka kaza a kansa. Allah ya saka mata, ta rama mini gardamar da kake yi mini! Na san tuwon masararsu mai tauri da wake kullum, da ayabar da ka ce ana dafawa da nama, maganar da har yau ban gaskata ba. Na san abokin ɗakinka mai waƙar coci, wanda ya riƙa tsaya maka a layi da azumi yana karɓo maka abincin buɗa baki. Duk na san su, duk ina son su, saboda sun riƙe mini kai da kyau.

To, ga abin da ya faru. Ka tuna saƙon muryar da ka aiko wa Baba na gaisuwa? Ka yi shi da ladabi, ka ce kada ya damu da addininka, don faston jami'ar da kansa ya ba ku ɗaki, ku Musulmi bakwai, ya sa aka shimfiɗa muku tabarmi, ya zo da na'urar nuna alƙibla kuka ja layi a ƙasa, kuna salla kuna kallon arewa. Arewa, Aisami! Ka faɗi kalmar nan ka wuce abinka kamar mai cewa an yi ruwa jiya. Shi kuwa Baba, don alfahari da surukinsa na gobe, a ƙofar shagonsa ya buɗe saƙon, ya ƙure murya, dattawan majalisa duk suna zaune.

Kafin la'asar maganar ta gama Gure. Kafin Juma'a Gwaggo Habsu ta zo daga Bune takanas, ta zauna tsakar gidanmu tana tafa hannu: "Ni dai na faɗa tun farko! Yaro ya tafi makarantar coci, fasto ya ja masa layi, ya juya masa goshi. Wa ya taɓa jin an yi salla an kalli arewa, in ba an canja wa mutum addini a sannu ba?" Limamin unguwarmu, wanda da kalma ɗaya zai kashe wutar, ya tafi Damagaram ziyara. Baba bai yi faɗa ba, ka san shi. Aikawa kawai ya yi wa kawunka Burahima cewa maganar sa rana a dakata tukuna.

A dakata! Ka san nauyin kalmar nan a kunnen wadda ta yi wata ashirin tana jira? Na shiga aji ina koya wa yara koguna, ni kaina ina neman zama kogi. Na kama waya sau nawa zan kira ka, na ajiye. Me zan ce maka? In ce garinmu ya fitar da kai daga Musulunci saboda ka yi salla daidai? Kuma ka san ba a yi ɗiyar da za ta durƙusa gaban mahaifinta tana kare saurayi ba. Kunya ta riƙe mini harshe, so ya hana ni sakat.

Shekaranjiya na ce ya isa. Na roƙi daraktan makarantarmu ya ara mini ƙwallon taswirar duniya na lakwal, na naɗe shi a zane, na ratsa gari da shi a ka, mata na tambayata ko kabewa na samo. Na tarar da Baba a zaure bayan azahar. Na durƙusa na ce darasi zan koyar gobe, ina so in gwada a gabansa ko zai fito. Ya dube ni ta saman tabarau, kallon nan na wanda ya riga ya gano ka, ya ce in bismilla.

Na roƙe shi zare, ya zaro daga aljihu, ka san mai sayar da yadi ba ya rabuwa da shi. Na nuna masa Makka, ya ɗora babban yatsansa ya danne bakin zaren. Na ja ɗaya bakin zuwa Gure, na ce Baba, mu ina muke kallo? Ya ce gabas mana. Na ɗaga zaren na sauke shi can ƙasa, kan Tanzaniya.

Baba ya kalli zaren nan, ya ga yadda ya miƙe sambal daga ƙasa zuwa sama. Ya karɓe shi daga hannuna, ya kai shi bayan Makka, ya ce, "Su waɗannan fa, yamma ke nan?" Na ce yamma, Baba. Sai ya cire tabarau, ya kama haɓa. "Ikon Allah! Ni da na yi salla a Harami, yau ta wannan ƙofa, gobe ta waccan, muna kewaye da Ɗaki ta ko'ina, ban taɓa tambayar ina gabas ba. Ashe yaron nan gaskiyarsa." Can kuma ya ce, "Shi faston, shi ya nemo musu alƙibla da hannunsa? To, a gaishe shi. Mutumin kirki ne."

Kai, masoyina, da ka ga abin da ya biyo baya! Baba ya rungumi ƙwallon ya nufi shago. Tun shekaranjiya yake tara dattawa yana ja musu zare, yana cewa abin mamaki ne a ce mutum ya girma bai san wannan ba. Gwaggo Habsu ta ce ita dama zuciyarta ba ta taɓa yarda da maganar ba. Darakta ya aiko sau biyu a maido masa kayansa, Baba ya ce a ba shi haƙuri, akwai sauran waɗanda ba su gani ba.

Jiya da safe kawunka Burahima ya zo da goro. An sa rana, Aisami! An sa! Asabar ta biyu bayan saukarka. Salima ta rangaɗa guɗa har awakin maƙwabta suka watse, ni kuwa na shige ɗaki na toshe baki da gyale, ina dariya ina kuka, ban san wanne ya fi yawa ba. Ashe haka farin ciki yake da nauyi? Ashe mutum na iya jin ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa alhali yana zaune?

Yanzu ga roƙona, ya hasken safiyata. Ka koma kujerar bakin taga, ka gyara wa tsohuwa babinta yadda take so, ko sau goma ta maido. Ka tsaya gaban malamanka ranar kare kundi ka yi musu bayanin kwarurrukan Gure da tuddan da ke neman cinye su, da muryar nan da ka saye ni da ita. Ka isar wa fasto gaisuwar Babana Alhaji Salihu, ka yi wa abokin ɗakinka godiyata. Kada ka ƙara kwana ɗaya bayan an sallame ku. Kuma don Allah, in za ka sake aiko wa Baba saƙo, ka fara turo mini in saurara!

Zaren yana wurina. Kafin Baba ya tafi da ƙwallon na auna daga Gure zuwa inda kake, na tsinke daidai nan. Bai fi tsawon yatsana ba, wannan nisan da ya hana ni sukuni kusan shekara biyu. Na ƙulle shi a bakin gyalen sallata. Duk lokacin da na kabbara ina kallon gabas, na san kai ma kana can kana kallon arewa, kuma na ga da idona inda zarenmu biyu suke haɗuwa. Can nake aika maka addu'a, can nake karɓar taka.

Ka dawo, Aisami. Ka dawo ka tsaya a gabana kan tabarma ɗaya, ka ja mu salla, in bi ka, mu kalli wuri guda.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a kwantar da ni ina fuskantar alƙiblar nan,

Hamsatu