Kwanon Zuhura da Makaronin Sadaka

Hajiya Balki, don Allah ki taimake ni, ban san wa zan tambaya ba ba tare da an yi mini dariya ba. Ɗiyata Zuhura ta rasu watan jiya, zazzaɓi ne, bai ɗauki tsawon lokaci ba. Ita ta yi lakwal, ta yi boko sosai, ni ban wuce aji uku ba. Duk girkin taro a gidanmu ita ke awo, ni sai in tsaya bakin murhu.

Ranar sadakar bakwai na ce makaroni za a dafa, don shi take so tun tana ƙarama, har manne ledarsa take yi a bango. Na ɗauki kwanon awonta na auna kamar yadda nake auna shinkafa, kwano ɗaya mutum goma. Hajiya, bai kai ba. Dangin maigidana da suka taso daga Barmou wasu sun koma ba su ci ba. Na ga ana ta kallon tukunya.

Yanzu arba'in ta matso. Maigidana ya ce in bar makaronin nan, a dafa shinkafa a huta. Ni kuwa zuciyata ta ƙi. Mai shago yana yi mini zancen kilo da giram, ni kwano na sani. A cikin kwanon nata akwai wani zane da ta yi da ƙusa, ban san na mene ne ba, ban taɓa tambayarta ba. Na ɗauka akwai lokaci. Kwano nawa ne kilo ɗaya?

Uwar Zuhura, Tahoua

Uwar Zuhura, Allah ya jiƙan ɗiyarki, ya ba ki haƙurin rashinta.

Ba sakaci kika yi ba. Shinkafa tana zama cif a kwano, makaroni kuwa rami gare shi, rabin abin da kika auna iska ce. Kwanon da ya ɗauki kilo ɗaya na shinkafa, rabin kilo da ɗan ɗoriya kawai zai ɗauka na makaroni. Taliya mai tsawo ma ba ta aunuwa da kwano sam.

Don haka ki bar kwano ya huta a lissafi, ki ƙidaya leda. Yawancin ledojin kasuwa rabin kilo ne, mai shago zai nuna miki rubutun. Leda ɗaya tana ciyar da mutum biyar idan akwai miya. Ki ƙiyasta baƙinki, ki ƙara leda biyu saboda waɗanda ba a sa rai ba.

Maigidanki bai yi kuskure ba, ladan sadaka ba ya cikin irin abincin, kuma yana gudun ki sake shan kunya ne. Ke ma kina da gaskiyarki. Ku dafa makaroni, a aza tukunyar shinkafa a gefe, kowa ya samu natsuwa.

Kafin ranar, ki buɗe leda ɗaya ki juye a kwanon nan. Ina kyautata zaton za ta tsaya daidai zanen ƙusar. In haka ne, Zuhura ta riga ta yi miki awon. Allah ya karɓi sadakarku, ya kai haske kabarinta.

Hajiya Balki