Ramin da Injiniya Yake Faɗa

Laraba, 14 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma. Ina kan benci a ƙofar ɗakin baya, Injiniya ya samu barci.

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, Auta ya fara jarrabawa, ni kuma har yanzu ina jiran a kira ni aiki. Na rubuto ne don a waya kuka zai hana ni faɗin magana daidai.

Kin san an daɗe ɗan'uwanmu Injiniya yana marin kuncinsa, yana cewa wani abu na haƙa rami a kansa. Duk gida aka ce ciwon ne ya tashi. Baba ya je asibitin ƙwaƙwalwa shi kaɗai, kamar yadda ya saba, ya ba da labari, aka ƙara ƙwaya, mu kuma muka ƙara kwaɗo a ƙofa. Shekaranjiya na lallaɓa Injiniya ya buɗe baki, na haska da fitilar waya. Yaya, haƙoran tauna huɗu sun ruɓe har dasashi. Ɗaya na hagu ya tara mugunya, muƙamuƙin ya kumbura, jikinsa da zafi. Gemu ne ya ɓoye kumburin, tunda an daina barin aska ta kusance shi. Ramin yana nan, na gan shi da idona.

Maganinsa yana busar da yawu, yawu kuwa shi ke wanke baki. Don ya jiƙa maƙogwaro sai ya cusa alewa a kunci ya kwana da ita. Alewar gwangwanin nan ce da kike aikowa. Ba laifi nake ɗora miki ba, Umma ma da zuma take ba shi ƙwaya. Burushin haƙorinsa kuwa ya tafi tun ranar da aka kwashe duk wani abu mai tsini daga ɗakin, ba wanda ya tuna ya mayar.

Na roƙi Baba a kai shi asibitin haƙori. Ya ce ba zai fita da shi da rana tsaka a yi ta nuna shi da baki ba, wai abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma wannan ba rimi yake so ba, fitila ce kawai. Yanzu ya shirya da mai cire haƙori na bakin kasuwa zai zo Asabar da safe da filayarsa, 'ya'yan Kawu biyu za su danne Injiniya. Ni ba likita ba ce, tsabtace haƙori na karanta, amma an koya mana cewa mugunya irin wannan tana iya gangarowa wuya ta toshe numfashi. Likita yake buƙata, da hoton muƙamuƙi, da wanda ya san ƙwayoyin da yake sha. Shi Injiniya da kansa ya ce min zai je asibiti in zan riƙe masa hannu, ya kuma roƙa kada a sake zama masa a ƙirji.

Ke kaɗai Baba yake jin maganarki. Don Allah ki kira shi kafin Juma'a. In ya tambaya, ki ce ni na faɗa miki.

Ki gaida maigidan, da Gwaggo, da 'yan biyu, da Hajiyar maƙwabta. Umma na gaishe ki, ba ta san na rubuto ba.

Ga abin da ban sani ba. Ban san ko mugunyar ta kai ƙashi ba. Ban san haƙora nawa za a iya cetowa ba. Ban san ko asibitin za su karɓe shi ba, ko za su ce a mayar da shi wajen masu ƙwaƙwalwa. Ban san ko zai kai Asabar a haka ba. Kuma ban san cikin ihun da muka rufe wa ƙofa, nawa ne na ciwonsa, nawa ne na haƙori ba.

Ƙanwarki.