Da Sauƙin Zakiru

Al-Khalidiyya, Madina
Rajab

Yaya Tasallah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da jikoki. Yaya ƙafar taki? Yaya mutanen Maraɗi?

Na zaɓi takarda ne don in na ɗauki waya kuka ba zai bar ni in yi magana ba. Yaya, 'ya'yana ba sa ga-maciji da juna.

Kin san Hamid, babban, yana aiki a motar ɗaukar marasa lafiya, wadda muke ce wa is'af a nan. Sabiru kuma ɗan kwana-kwana ne. Tun bara ma'aikatun nasu suke zaman doya da manja. 'Yan kwana-kwana sun ce su ke fara isa wurin haɗari, don haka a bar su su riƙa duba masu rauni. Su Hamid sun ce horon 'yan makonni ba ya mai da mai tiyo likita. A da musu ne na bakin faranti, in daka musu tsawa su yi dariya.

Makon jiya katanga ta rufta wa magina a Harra ta Yamma. Su Sabiru suka zaƙulo wani bawan Allah, Zakiru, mutumin Tasawa, wanda ba ya jin Larabci sosai. Aka ce Sabiru ya tambaye shi. Ke kin san Hausar Sabiru, yana ji amma da Larabci yake amsawa. Ya ce masa yaya jiki, mutumin ya ce da sauƙi. Shi kenan fa! Sabiru ya faɗa wa shugabansa wai mutumin ya ce lafiyarsa ƙalau. Suka zaunar da shi a inuwa, suka ba shi ruwa, suka sanar da is'af cewa ba na gaggawa ba ne.

Yaya, wane Bahaushe ne za a tambaye shi jiki ya ce babu sauƙi? Ko ana karanta masa Yasin, da sauƙi zai ce.

Motar da ta zo ta Hamid ce. Yana taɓa cikin mutumin ya ji shi tauri kamar dutse, ashe jini ke zuba ta ciki. Nan ya wanke ƙanensa tas a gaban abokan aikinsa. Zakiru yana asibiti, bai san inda kansa yake ba. Ki taya mu da addu'a.

Taki,
Maiturare

*

Sha'aban

Yaya Tasallah,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Na ji daɗi da 'yarki Nadiya ta sauka lafiya, Allah ya raya. Ki gaishe min da Malam.

Zakiru ya rasu. An yi masa salla a Harami, an kai shi maƙabartar Baƙi'a. Dukansu biyun sun je, kowa a sahunsa.

Yanzu an kafa lajana, wato kwamitin bincike, kuma gawar bawan Allah ta zama sandar da ma'aikatu biyu ke dukan juna da ita. Abokan Hamid suna ta zuga shi ya faɗi komai, don a hana 'yan kwana-kwana taɓa mai rauni har abada. Na Sabiru kuma sun ce ya tsaya a kan cewa is'af ce ta yi latti. In ya faɗi haka, Hamid ne zai kwana a ciki. Kin ga kowanne an miƙa masa wuƙar yanka ɗan'uwansa.

Na je gidan Hamid a Al-Sih da ƙafata. Na ce ya dubi girman Allah ya sassauta harshe, in an tambaye shi ya ce bai tuna ba, ko ma me zai ce. Ya sunkuyar da kai ya ce rai aka rasa, kuma in ya rufe wannan, gobe wani za a zaunar a inuwa. Wallahi sai da na ji kamar in kwaɗa masa mari, ga shi kuma na san gaskiya ya faɗa. Sabiru kuwa ya daina cin abinci, sai shayi. In na shiga ɗakinsa sai ya juya fuska bango.

Tsoro nake ji, Yaya. Ubansu ya bar min su kansu a haɗe, ban san me zan ce masa ba ranar da muka gamu.

Ƙanwarki,
Maiturare

*

Ƙarshen Sha'aban

Yaya Tasallah,

Ina gaishe ki da kyau, Allah ya kai mu azumi lafiya.

An yi zaman. Sabiru aka fara kira. Bai ce uffan kan latti ba. Ya ce shi ya tambaya, shi ya fassara ba daidai ba, is'af ba ta da laifi. Da labarin ya iso ni sai da na yi sujada, na ce yarona ya fanshi yayansa, an huta.

Ashe da sauran rina a kaba. Da aka kira Hamid, maimakon ya ce abin da ƙanensa ya faɗa ya wadatar, sai ya zayyano komai dalla-dalla, har ruwan da aka ba mamacin, abin da Sabiru ya manta bai ambata ba. Ya ce an rantsar da shi ne. Ruwan nan shi ya ƙara wa laifin nauyi. An hana 'yan kwana-kwana duba masu rauni sai yadda hali ya yi, an cire Sabiru daga aikin ceto, an tura shi Tabuka. Abokansa ko sallamarsa ba sa amsawa.

Sabiru bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce min kawai ya riga yayansa magana ne don ya hutar da shi, amma yayan bai so hutun ba.

Jiya ya tafi. Hamid ya zo tun da hantsi da kayan aikinsa a jiki, ya tsaya a bakin ƙofa idanunsa jawur. Ya miƙa hannu zai ɗauki akwati, Sabiru ya ce masa ya bari, direba zai ɗauka. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya shiga mota.

Hamid ya daɗe a tsaye a wurin bayan motar ta ɓace. Ina cikin gida ina kallonsa ta taga, na kasa kiransa ya shigo, na kasa rufe ƙofar.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Maiturare